Shuka Albasar Fure a Lambun Makaranta

Cikin littattafan aikin lambu da ke ɗakin karatu na kwalejin nan, da wuya ka buɗe ɗaya ba ka tarar da babi a kan furannin da Turawa ke binnewa da kaka, su yi fure in sanyi ya wuce ba. Ɗalibai da dama sun ga hotunan, sun zo suna tambayata inda za su sami irin, don su ƙawata makarantun da za a tura su. To, bari in amsa musu gaba ɗaya a nan. Zan yi misali da Mpape, gama can nake zaune, can kuma nake ɗan taɓa lambu.

Ku ɗauki albasar miya ku tsaga ta biyu. Ɓawon nan da kuke gani rufi-rufi gindin ganye ne da ya yi kauri saboda abincin da tsiron ya tara a ciki, a tsakiya kuwa ga ɗan toho yana kwance. Watau albasa rumbu ce. Tsiron yakan yi barci a ƙasa lokacin wahala, in lokacin daɗi ya zo ya farka ya yi fure da abin da ya ajiye, tun saiwarsa ba ta kama sosai ba. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Waɗansu furannin ba albasa sosai gare su ba, sai wani abu kamar gwaza ko rizga, amma aikinsu ɗaya ne, saboda haka duk zan kira su albasa.

Wadda ta fi suna a Turai ita ce tulif. Asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, ta bi ta ƙasar Turkiyya ta shiga Turai a ƙarni na 16. Mutanen Holan suka haukace a kanta har albasa guda ta kai kuɗin gida, kafin kasuwar ta rushe a 1637. Har yanzu a lambun Keukenhof na ƙasar a kan binne albasa wajen miliyan 7 kowace shekara. Amma fa tulif ba ta fure sai ta sha sanyin da bai haura digiri 9 ba har mako 12 zuwa 16. Hunturunmu na Abuja, kome tsananinsa, bai kai kusa da wannan ba. Mai firiji da wutar da ba ta ɗaukewa yana iya yaudararta ta yi fure sau ɗaya, daga nan ta lalace. Malamin firamare ba shi da kuɗin wannan wasa, ban kuma ga dalilin da zai sa ya yi shi ba.

Abin lura shi ne, wahalar tsiro a Turai sanyi ce, tamu kuwa rani ne. Albasarsu tana jiran ƙanƙara ta narke, tamu tana jiran ruwan fari. Muna da namu irin a daji, tun kaka da kakanni, har da sunayensu na Hausa, waɗanda Likita J. M. Dalziel ya tattara cikin littafinsa na sunayen tsirrai a 1916.

Akwai albasar kwaɗi, wadda masana ke kira Crinum. Albasarta takan kai girman ƙoƙo, furenta fari ne dogo, da jan zane a tsakiyar kowane kunne. Tana son wuri mai laima, kamar bakin fadama, don haka a makaranta a ba ta gefen randa ko inda ruwan alwala ke gangarawa. Akwai hatsin manoma, ƙarama mai farin fure da ƙanshi, wadda ke buɗewa da maraice a farkon damina. Ta fi yawa can Arewa. Akwai rumana, mai ganye kamar takobi da fure ja da rawaya a jere bisa kara guda. Da irinta na Afirka aka yi barbaren Gladiolus ɗin da ake sayarwa a kantunan fure na Turai, mu kuwa muna taka ta a hanyar gona.

Wadda na fi so ita ce baurairai, waɗansu su ce gatarin kurege, saboda saiwarta mai lanƙwasa kamar ƙotar gatari. Ita mai yaɗo ce, bakin kowane ganye yakan nannaɗe ya kama abin da ke kusa, ta hau shinge. Kunnuwan furenta sukan juya baya su miƙe sama, ƙasa rawaya sama ja, sai ka ce harshen wuta. Ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke ta furen ƙasa. Har wa yau akwai wata mai son inuwa, Scadoxus, wadda takan huda ƙasa da ruwan fari ta fid da jan fure dunƙule kamar ƙwallo, tun ganyenta bai fito ba. In an haɗa da baƙi biyu daga Amurka ta Kudu, waɗanda masu sayar da fure a bakin titi ke da su, watau amarilis mai fure tun da rani, da ƙaramar nan mai ruwan hoda da ke buɗewa kwana kaɗan bayan kowane ruwa mai ƙarfi, to, lambu ba zai rasa launi ba daga Fabrairu har Agusta.

Yanzu sai maganar ƙasa. An ce kalmar Mpape dutse take nufi da harshen Gbagyi, sunan kuwa ya dace, gama da dutsen wurin aka yi gine-gine da yawa na Abuja, kafin gwamnati ta ƙaura can a 1991 da kuma bayan haka. Ƙasar tsakuwa ce da gangare, mai shuka alayyafo yakan yi kuka da ita. Ga albasa kuwa alheri ne, domin babban abokin gābanta ruwa ne mai kwanciya, shi ke ruɓar da ita a watan Agusta da Satumba. Kuma a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa, ba ƙaramin abu ba ne a sami furen da ba ya bukatar ko ɗigo duk tsawon rani.

A ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, a jera duwatsu a kan gangaren a yi ɗan dakali don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A haƙa zurfin ƙafa guda, a cakuɗa ƙasar da busasshiyar kashin shanu wadda ta shekara, da ɗan toka. Ɗanyen taki yakan ƙona albasa. Ƙa'idar zurfi ita ce a binne ta kamar tsawonta sau biyu ko uku, tsinin yana kallon sama. Rumana inci 4, tsakaninsu inci 6. Albasar kwaɗi da amarilis su ba a nutsar da su, a bar wuyansu a waje. Baurairai a kwantar da ita a kwance, a hankali ƙwarai, don idonta a can bakin yake, in ya karye shi ke nan. Kada a jera su ɗaya-ɗaya kamar soja. A tara biyar ko bakwai wuri guda, sun fi cika ido. Sa'an nan a kewaye da ƙaya saboda awaki.

Bayan fure ya faɗi, yara za su so su sheme ganyen don wurin ya yi tsabta. A hana su. Da ganyen nan tsiron ke sake cika rumbunsa, sai ya yi rawaya ya bushe da kansa tukuna. Bayan shekara uku a tone, a raba 'ya'yan da suka fito a gindi, a ba makarantar da ke maƙwabtaka.

Wajib ne in ja kunne a kan abu guda. Galibin waɗannan albasoshi guba ne, baurairai ma takan kashe mutum in an ci saiwarta. Kada a shuka su kusa da kunyar albasar miya, kada a ajiye su a ɗakin girki, a kuma gaya wa yara ƙarara tun ran fari, su wanke hannu bayan aiki.

Game da samun iri, ba na son in ji an aika yara sun ƙwaƙule daji. A Mpape kullum ana share fili don gini ko fasa dutse, abin da katafila za ta niƙe shi ya kamata a ceto. A nemi iznin mai wurin, a tambayi dattawan Gbagyi da mata masu itace, sun san inda kowace take fitowa. Da rani ba a ganin kome a sarari, don haka tun da damina a ɗora dutse kusa da gindin wadda aka gani, a dawo a tone ta in ganye ya bushe, wajen Nuwamba. A adana cikin busasshen yashi a inuwa har Fabrairu. In an binne, a ba ɗan aji huɗu littafi ya riƙa rubuta ranar ruwan fari da ranar da kowace ta buɗe, baɗi ajin da ke biye ya gwada da nasa.