Abin da ke katse cajin motar lantarki a gida

Idan cajin motar lantarki ya katse cikin dare, a fara binciken wutar gidan kafin a zargi motar. Na'urar caji takan yanke da kanta idan wuta ta yi ƙasa sosai da volt 230, ko soket ya ɗau zafi, ko wayar da aka binne a ƙasa ta lalace. Gara mai gyaran wuta ya ja wa motar layinta daban.

Raguwar batir a ajiye kuwa, kusan kashi 1 cikin 100 a rana ba abin damuwa ba ne a motocin Tesla. Idan ta zarce haka, a kashe Sentry Mode mai gadi da kyamarori, a kuma rage leƙa manhajar waya, domin leƙen yana tayar da motar daga barci.