Zaɓen Kyamarar Tsaro Domin Gida

Gabatarwa

Tun kafin zuwan na'urorin zamani, Bahaushe ya tanadi hanyoyin tsare gidansa. Yakan kewaye shi da katanga ko danga, ya gina zaure domin kada baƙo ya faɗa cikin gida kai tsaye, mai hali kuma ya ɗauki maigadi. A yau an sami ƙarin wata hanya, wato kyamarar tsaro. Wannan na'ura ce da ake kafawa a wani sashe na gida domin ta riƙa ɗaukar hoton abin da ke faruwa, ta kuma adana shi. Ba ta hana ɓarawo shiga. Aikinta gani da shaida ne. Saboda haka, kyamarar da ta fi dacewa ita ce wadda za ta gani sosai a lokacin da ake bukata, ba tare da ta tona asirin iyali ba.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1966 wata ma'aikaciyar jinya a birnin New York na ƙasar Amurka, Marie Van Brittan Brown, da mijinta Albert suka nemi rajistar wata na'ura da ke nuna wa mai gida wanda ke bakin ƙofa ta allon talabijin. An ba su rajistar a 1969. A 1996 kuma kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fito da kyamara mai aika hoto ta hanyar sadarwar kwamfuta. Daga nan aka sami manyan nau'o'i biyu: masu tura hoto ta waya zuwa akwatin ajiya da ke cikin gida, da masu aiki da intanet, waɗanda ake iya kallo ta wayar hannu daga nesa.

Abubuwan Lura Kafin Saye

Na farko shi ne wutar lantarki. A inda ake yawan ɗauke wuta, kyamarar da ba ta da batir ko farantin sola makauniya ce a daidai lokacin da ɓarawo ya fi son duhu. Don haka wajibi ne a lissafa kuɗin batir tare da na kyamarar.

Na biyu, kyan hoto. Kyamara mai lamba 1080p tana ɗaukar hoto mai ɗigo kimanin miliyan 2, wanda ya isa a gane fuska a bakin ƙofa. Sai dai tun da yawancin bukatar da dare ce, ya kamata a gwada ta a cikin duhu. Masu gani da dare suna amfani da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, hotonsu kuma yakan fito baƙi da fari.

Na uku, juriya. Wadda za a kafa a waje za ta sha ƙurar hunturu da ruwan damina. Alamar IP66 tana nufin ƙura ba ta shiga cikinta, kuma tana jure feshin ruwa mai ƙarfi.

Na huɗu, ma'ajiya. Kyamara mai aika megabit 2 a daƙiƙa tana cin gigabayit kusan 22 a kwana guda. Ke nan kyamarori 4 za su cika ma'ajiya mai terabayit 1 cikin kwana 11 ko 12, daga nan sabon hoto ya shafe tsoho.

Wurin Kafawa da Kare Sirri

Wuraren da suka fi dacewa su ne ƙofar gida, bakin zaure, wurin ajiye mota da bayan katanga, a bisa tsayin da hannu ba zai kai ba. Bai kamata a fuskantar da ita ga ɗakunan kwana, makewayi ko tsakar gidan maƙwabci ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu.

Har wa yau, kyamara mai intanet tana iya zama ƙofar ɓarna. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da wasu na'urori, saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Wanda ya yi irin wannan sakaci, garin neman gira zai rasa ido, domin baƙo daga nesa na iya leƙa gidansa.

Kammalawa

A taƙaice, zaɓen kyamara yana farawa ne daga nazarin gida, ba daga kanti ba. Mai gida ya fara tantance inda haɗari yake, da yadda zai samar da wuta, da abin da bai kamata a gani ba. Bayan haka ya tuna cewa ƙofa mai ƙarfi, fitila a bakin gida da zaman lafiya da maƙwabta su ne tushen tsaro, kyamara kuwa mai taimaka musu ce.