Gyara da Sauyin Injin Tsohuwar Bas a Yammacin Zamfara

Sufurin jama'a da na kaya a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, waɗanda suke yammacin Jihar Zamfara, ya dogara ne a kan motocin da suka riga suka yi shekaru suna aiki a wasu ƙasashe kafin su iso Nijeriya, domin sabuwar mota ta fi ƙarfin direban haya da ƙaramin ɗan kasuwa. A kan hanyar da ta rabu da titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanchi, ta ratsa Anka da Daki Takwas har ta kai Gummi, da kuma hanyoyin da suke shiga Bukkuyum da ƙauyukanta, ana ganin bas-bas ƙirar Toyota Hiace da Peugeot J5 da makamantansu ɗauke da fasinjoji da buhunan gero da dawa da wake da albasa. Gangar jikin irin waɗannan motoci takan daɗe matuƙa, amma inji yana da iyakar kwanansa, saboda haka duk mai bas yakan kai ranar da zai zaɓi ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai a sauke injin a wargaza shi a sabunta kayan cikinsa, ko kuma a cire shi baki ɗaya a ɗaura wani.

Wasu daga cikin waɗannan motoci sun fara rayuwarsu ne a Turai a matsayin motocin yawon shaƙatawa, wato bas ɗin da aka mayar da cikinta ɗaki, aka kafa mata gado da murhu da tankin ruwa, iyali suna tafiya hutu da ita suna kwana a cikinta. J5, wadda aka fara ƙerawa a 1981 a ƙasar Italiya tare da 'yan uwanta Fiat Ducato da Citroën C25, tana cikin motocin da aka fi yi wa wannan gyara, kuma idan irinta ta faɗo hannun ɗan kasuwar Afirka, akan ɓamɓare gado da kabad a jera kujeru, ko a bar cikin fili don ɗaukar kaya. Dokokin hana gurɓata iska sun ƙara koro tsofaffin motoci daga biranen Turai, kamar yadda birnin Antwerp na Beljiyam ya fara hana masu tsohon injin gas shiga tsakiyarsa a 2017, kuma tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocin Beljiyam da Jamus da Faransa su ne suka dace da hanyoyinta. Motar yawon shaƙatawa takan zo da ƙarancin kilomita, domin mafi yawan shekara a ajiye take, sai dai doguwar ajiya ita ma tana da nata lahani, saboda robobin da suke tare mai suna bushewa, tsatsa kuma tana cin hanyoyin ruwa na cikin inji ba tare da ido ya gani ba.

Abubuwa uku ne suka fi kashe inji a wannan yanki, wato ƙura da zafi da lodi. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba su da kwalta, idan ta sami matatar iska a yage ko an cire ta, takan shiga silinda, wato ramin da fistin yake hawa da sauka a cikinsa, ta riƙa goge bangonsa da zobban da suke kewaye da fistin har su sake. A watannin bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, alhali lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya da tsatsa, motar kuma tana ɗauke da fiye da nauyin da aka ƙera ta dominsa. A kan waɗannan sai a ƙara baƙin mai maras kyau da jinkirin juye shi, wanda yake sa ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe a wuraren da ya kamata siririn mai ya raba tsakaninsu.

Inji ba ya mutuwa ba tare da ya ba da alama ba, kuma gogaggen bakanike yakan fara karanta ta daga hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi yana nuna cewa baƙin mai yana haurawa wurin ƙuna saboda zobba sun gaji, farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa yana shiga silinda, galibi saboda gasket ya ƙone, wato shimfiɗar da take tsakanin kan inji da gangar jikinsa, baƙin hayaƙi kuwa alama ce ta fetur ko gas da ya yi yawa bai ƙone duka ba. Idan baƙin mai ya sauya launi ya yi fari-fari, to ya gauraya da ruwa. Mafi muni shi ne ƙara mai nauyi daga ƙasan inji tare da kamawar jar fitilar mai, domin wannan shi ne matakin ƙarshe kafin a ce inji ya buga, wato ya cije ya daina juyawa, wani lokaci ma sandar fistin ta fasa gangar jikin ta fito waje.

Idan gangar jikin inji ba ta tsage ba, hanyar farko ita ce sabuntawa. Ana sauke injin, a cire kansa, a zare fistin da karanshaf, wato gwauron ƙarfen da yake mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyawa, a wanke kowane ƙarfe, sannan a auna. Awon nan shi ne zuciyar aikin, domin tazarar da take tsakanin karanshaf da metal, wato 'yan faifan ƙarfe masu laushi da yake kwanciya a kansu, ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma ido ko yatsa ba sa iya tantance ta. Idan silinda ta zaizaye kaɗan, akan wadatu da sauya zobba, aikin da makanikai suke kira ringin, amma idan zaizayar ta yi nisa, sai an kai gangar jikin wurin masu injin yankan ƙarfe a manyan garuruwa irin su Gusau da Sakkwato da Kano, a faɗaɗa ramin da milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistin da zobba masu girman da ya dace da sabon ramin. Haka ake goge karanshaf a rage kaurinsa, a sa metal mai kauri don cike gurbin, a daidaita fuskar kan inji idan zafi ya lanƙwasa shi, a kuma goge bawul su zauna daram a mazauninsu.

Yawancin gyaran da yake lalacewa bayan 'yan watanni a wurin haɗawa yake samun matsala. Garejin da yake fili, inda iska take kwaso yashi tana zubawa a kan ƙarfen da aka shafa wa mai, yana iya mayar da aikin mako guda banza, kuma kusoshin kan inji suna da tsarin da ake bi wajen ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, wanda sai da sifana mai awo ake samunsa daidai. Akwai kuma matsalar jabun kaya, domin zobba da metal da gasket na bogi sun cika kasuwa cikin kwalaye masu kama da na asali, kuma a nan ne maganar Hausawa ta cewa araha ba ta ado take tabbata. Masu J5 mai amfani da fetur suna da ɗan sauƙi ta wannan fuska, saboda injinta dangi ne na injin Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana haɗawa, don haka tsofaffin makanikai sun san cikinsa sosai.

Hanya ta biyu ita ce sayen injin da aka ciro daga wata mota a ƙetare, wanda ake kira ɗan Beljiyam ko tokumbo, ko da kuwa daga Japan ko kasuwar Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya fito. Irin waɗannan injuna suna shigowa cikin kwantena ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, su sauka a kasuwar Ladipo, daga can su bazu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda masu motocin Zamfara sukan je da makanikansu ko su aika a sayo masu. Ana sayar da cikakken inji da dukkan abin da yake maƙale da shi, ana kuma sayar da rabin inji, wato gangar jiki da karanshaf da fistin kawai, ga wanda kan injinsa yake da lafiya. Tun da ba a san tarihin injin ba, mai saye mai lura yakan juya karanshaf da sifana ya ji ko yana tafiya ba tare da cijewa ba, ya buɗe murfin sama ya duba ko akwai daskararren baƙin mai, ya zare fulogi ya ga launinsu, ya kuma nemi a rubuta masa kwanakin gwaji a rasit, domin wasu injunan an yi aiki da su a cikin gida ne, aka wanke su aka fesa masu fenti.

Ɗaura inji iri ɗaya da wanda aka cire aiki ne na kwana ɗaya ko biyu, amma sauya iri yana jawo doguwar hidima. Dole ne sabon injin ya zauna a kan kujerun da suke riƙe shi, ya kuma haɗu da kuloci da giyabos ba tare da tilas ba, in ba haka ba sai mai walda ya shigo, kuma duk karkatar da aka bari takan koma girgiza mai karya ƙarfe. Tsohuwar Hiace mai kafireto, wato na'urar da take gauraya fetur da iska, ba ta da wayoyi masu yawa, amma wadda aka fara ƙerawa a 2004, da direbobi suke kira Homa, injinta na fetur yana aiki ne da injekta da ƙaramar kwamfuta da ake kira birenbos, saboda haka sai an sami mai rewaya da ya san aikinsa, kuma wayoyi da kwamfutar su dace da injin. Sauyi daga fetur zuwa gas ya fi kowanne wahala, domin ya shafi tanki da bututun mai da batir da giya.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, lamarin da ya sa masu motoci da yawa suka koma ga sabunta injin da suke da shi. Ƙa'idar zaɓi dai ba ta sauya ba: idan gangar jiki da karanshaf suna da sauran nama, kuma akwai amintaccen bakanike da kayan asali, sabuntawa ta fi, domin mai mota ya san abin da aka sa a ciki, amma idan gangar jiki ta fashe ko an riga an faɗaɗa silinda har iyaka, sayen wani injin shi ne mafita. Lissafin ya haɗa da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki, musamman lokacin kaka da hada-hadar kasuwanni take ƙaruwa, ya kuma haɗa da tsaro, domin a yankin da yake fama da 'yan bindiga, lalacewar mota a tsakiyar daji da yamma ta wuce asarar kuɗi kawai.

Kowace hanya aka bi, sabon inji zai bi sahun tsohon idan ba a magance abin da ya kashe na farkon ba. Wajibi ne a wanke lagireto ko a sauya shi, a duba famfon ruwa da fanka, a sa sabuwar matatar iska da ta mai, a kuma daina cire tamosta, wato ƙaramin bawul ɗin da yake riƙe zafin inji a wajen digiri 80 zuwa 90, domin cire shi yana ɓoye cutar ne kawai, yana kuma ƙara shan mai da zaizayar silinda. Injin da aka sabunta yana buƙatar tafiya a hankali da lodi maras nauyi a kilomita 1,000 na farko, sannan a juye mai don fitar da ɓurɓushin ƙarfe. Tsohon mai kuma a tara shi a mazubi, kada a zuba shi a ƙasa kusa da rijiya ko a magudanar da take kaiwa gulbi. Haka nan ya kamata a adana rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, a kuma gyara takardun mota a ofishin lasisi, don kauce wa zargin sayen kayan sata.

Abin da ya kamata masu motoci da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Anka da Bukkuyum da Gummi su riƙe shi ne, kada a yanke shawarar sabuntawa ko sauyi sai bakanike ya buɗe inji ya auna ya faɗi dalilin mutuwarsa, kuma kuɗin lagireto da matatar iska da baƙin mai mai kyau su shiga cikin lissafi tun kafin a biya kuɗin inji.