Yadda kwamfuta ke auna tudu da kwari domin noman rani a Bakolori

A shekarar 1978 ne aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, domin shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a yankunan Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara ta yau.

An tsara shayar da akasarin filin ne da na'urorin feshi, amma da suka lalace sai hankali ya koma kan kwararo ruwa ta magudanai, musamman a shirin TRIMING wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.

Irin wannan ban-ruwa dai ya dogara ne kacokan a kan gangaren ƙasa, domin kuskuren 'yan santimita kan hana ruwa isa gonakin da ke ƙarshen magudana.

Yadda ake aikin

Masu safiyo ne ke fara auna tsayin ƙasa a dubban wurare, sannan a shigar da alƙaluman cikin manhaja irin su AutoCAD Civil 3D ko QGIS.

Manhajar kan haɗa ɗigogin uku-uku, ta samar da ƙananan alwatika masu manne da juna kamar raga, waɗanda ke nuna fuskar ƙasar baki ɗaya.

Daga nan sai injiniya ya zana fuska ta biyu, wato yadda yake son filin ya kasance bayan gyara. Idan aka ɗora wannan a kan waccan, kwamfuta kan lissafa yawan ƙasar da za a kwashe da kuma wadda za a cike, abin da ake biyan ɗan kwangila a kansa.

Haka kuma ake gane yawan laka da yashin da suka taru a gindin madatsa, ta hanyar kwatanta awon da da na yanzu.

Inda matsala take

Sai dai kwamfuta ba ta san akwai magudana ba sai an gaya mata. Idan ba a shata layin gaɓar magudana ko na kunya ba, manhajar kan tsallaka ramin ta mayar da shi fili.

Haka nan awon da hukumar NASA ta Amurka ta ɗauka daga sararin samaniya a shekarar 2000, wanda ake samu kyauta, yana ba da tsayi ɗaya ne kawai ga kowane fili mai faɗin mita 30, kuma kuskurensa kan kai mitoci. Ya isa a gane inda kogi ya dosa, amma bai isa a daidaita gonar shinkafa ba.

Saboda haka komai kyan zanen da ya fito a allo, sai an koma fili an sake aunawa kafin a tura katafila.