Masu Ƙera wa Baƙin Halittu Uwar Jirage

A shekarar 1984 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kambirij a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da wasan kwamfuta mai suna Elite. Na'urar da suka fara rubuta shi dominta, BBC Micro, ƙwaƙwalwarta kilobayit 32 ce kacal, abin da hoto guda na wayar hannu ya ninka sau da yawa. Jiragen wasan ba su da fenti, ba su da jiki. Fararen layuka ne kawai a kan baƙin allo. Amma a cikinsu akwai guda da ke sa hantar ɗan wasa kaɗawa. Faifai ne mai kusurwa takwas, ba ka gane gabansa balle bayansa, na wasu halittu da aka raɗa wa suna Thargoid. Kana cikin fafatawa da shi sai ka ga ya fara haihuwa: 'yan ƙananan jirage suna fitowa daga cikinsa suna yi maka rubdugu. In ka yi sa'a ka fasa uwar, sai 'ya'yan su sandare su bi iska, ka kwashe su ka kai kasuwa.

Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, kuma abin da layukan nan suka yi ya zama sana'ar da mutane ke ci da iyali da ita a Kambirij, da Manchesta, da Bankuba, da Rikyabik. Aikinsu shi ne ƙera jirgin da ba zai taɓa tashi ba, domin halittun da ba a taɓa gani ba, a kuma ƙera shi yadda wanda ya gan shi zai yarda cewa yana aiki.

Uwar jirage ita ce babban jirgin da ke goyon ƙanana, ya kai su fagen fama, ya sake su, ya karɓe su in sun dawo. Idan ta 'yan Adam ce, mai zane yana da abin kwaikwayo a duniya. Jirgin ruwan Amurka mai suna Nimitz ya kai mita 333, yana da filin tashi a bayansa, da hasumiyar kula a gefen dama, da rumbun ajiye jirage a ƙasa. Wasan Wing Commander na 1990, wanda Chris Roberts ya jagoranta, kusan haka ya ɗauko ya ɗora a sararin samaniya ya kira shi Tiger's Claw, kowa kuma ya gane abin da yake kallo. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ce wa mai zane: wannan karon ba mutane ne suka gina ta ba.

Kafin ya ɗauki alƙalami, sai ya zauna da masu rubuta labarin wasan ya yi ta tambaya kamar mai binciken asalin surukai. Ƙafafunsu nawa? Me suke shaƙa? Suna gani da ido ne ko da wani abu daban? Ran matuƙi yana da daraja a wurinsu, ko kamar na tururuwa ne, in ɗari sun mutu ɗari su fito? Amsar tambaya ta ƙarshen nan kaɗai tana iya sauya jirgin duka. Al'ummar da ke tattalin matuƙanta za ta yi ƙofar dawowa mai faɗi da fitilun jagora. Wadda ba ta sa ran su dawo, ramin fita kawai za ta huda. Thargoid an tsara su ne a matsayin ƙwari masu rayuwa a sinadarin amoniya, shi ya sa da suka dawo cikin Elite Dangerous, magajin wasan Elite, a 2017 jiragensu suka fito kamar fure mai kunnuwa takwas, abin da ya fi kama da wanda ya tsiro a kan wanda aka ƙera. Kilrathi na Wing Commander kuwa zuriyar mafarauta ne masu kama da zaki, don haka aka ba jiragensu tsini da kaifi, gefe guda bai yi daidai da ɗaya ba. Vanduul na wasan Star Citizen mahara ne da ke yawo dangi-dangi, har ƙaramin jirginsu Scythe an yi masa fiffike guda kamar lauje domin yanka abokin gaba in an yi karo.

Daga nan sai inuwa. Mai zane yakan cika takarda ko allo da 'yan baƙaƙen siffofi, kowace ba ta wuce babban yatsa ba, gommai a zama ɗaya, babu taga babu bindiga, gefen jiki kawai. Dalilin yana da sauƙi: a cikin wasa, karon farko da ɗan wasa zai ga jirgin nan, daga nesa ne, ɗigo ne a gaban wata tauraruwa. Idan a daƙiƙar farko bai gane cewa wannan ba namu ba ne, kuma babba ne, kuma ga inda masifa za ta fito, to duk adon da za a yi daga baya aikin banza ne. Mafi yawan inuwoyin nan kwandon shara suke tafiya. Biyu ko uku ake ɗauka a ci gaba da su.

A nan ne gwani yake rabuwa da ɗan koyo, domin ana jan sa ta ɓangare biyu. Idan jirgin ya yi kama da abin da muka sani, baƙuntarsa ta tafi, ya zama jirgin mutane da aka shafa wa koren fenti. Idan kuma ya yi baƙunta fiye da kima, ɗan wasa ba zai san ina zai harba ba, ina zai guje wa, sai ya ajiye wasan. Hanyar da da yawa suke bi ita ce komawa ga halittun Allah da ido ya saba da su amma zuciya ba ta sake da su ba. Kunama tana goya 'ya'yanta a baya. Karfasa tana ɓoye nata a baki, in hatsari ya wuce ta tofo su. Gidan rina ramuka ne jere, kowane da ɗan da ke jiran fita. Duk wanda ya taɓa tsokanar amya ya san yadda uwar jirage ya kamata ta amsa, ba sai an yi masa bayani ba.

Ni dai inda nake da ƙorafi shi ne yawan leƙen aikin mutum ɗaya. Tun da H. R. Giger, mai zanen nan ɗan Suwizalan, ya yi wa fim ɗin Alien na 1979 siffofinsa masu haƙarƙari da jijiyoyi, sai ka ce an rufe ƙofar tunani. Baƙin jiki, ƙaya-ƙaya, jan haske ko kore, shi ke nan wai an yi baƙon jirgi. Wannan lalaci ne, kuma 'yan wasa sun daɗe da ganewa.

Sai batun girma, wanda a ganina shi ne mafi wuyar duka. A sararin samaniya babu bishiya, babu gida, babu mutum a tsaye da za a gwada tsawo da shi. Abu mai mita goma a kusa da abu mai kilomita goma a nesa duk ɗaya suke a allo. A jirgin mutane ana warware wannan da taga, da tsani, da ƙofa, da lambar da aka rubuta a jiki, domin ido ya san girman ƙofa. Masu aikin fim ɗin Star Wars na 1977 sun riƙa ɓalle ɓangarorin 'yan tankoki da jiragen roba na wasan yara suna mannawa a jikin samfurinsu, tarkacen da suke kira giribul, don kawai ido ya sami ƙananan abubuwan da zai auna babba da su. To halittar da ba ta hawa tsani, ba ta leƙa taga fa? Abin da ya rage wa mai zane shi ne 'ya'yan jirgin kansu. Ɗan wasa ya riga ya yi faɗa da ƙaramin jirgin baƙin nan, ya san girmansa. Ranar da ya ga talatin irinsa suna fitowa daga rami guda kamar ƙudaje, ramin kuma bai kai ƙwayar ido a jikin uwar ba, a ranar zai san abin da ke gabansa. Shi ya sa nake ganin duk jirgin a kewayen bakin nan ake gina shi. Inda aka sa bakin, da faɗinsa, da yadda yake buɗewa, su ne ke faɗin girman jirgin, da halin masu shi, da wurin da za a yi mafi zafin gumurzu.

In zanen takarda ya samu karɓuwa, sai a koma sassaƙa a kwamfuta, da manhajoji irin su Maya, ZBrush ko Blender, wadda kyauta ce ga kowa. Farko ana haɗa jirgin da fararen akwatuna marasa ado, a jefa shi cikin wasan a gwada. A nan ake gano abin kunya: ƙaramin jirgi ba ya wucewa ta ƙofar, ko jiragen da kwamfuta ke tuƙawa suna cin karo da fiffiken uwarsu suna tarwatsewa tun kafin su ga abokin gaba. A faɗaɗa, a matsar, a sake gwadawa. Sai komai ya zauna ake sa tsoka da fata.

Akwai kuma kasafi, ba na kuɗi ba, na alwatika. Duk abin da ke allon wasa da 'yan alwatika aka ɗinka shi, kuma na'ura tana da iyakar adadin da za ta iya zanawa sau sittin a daƙiƙa. Don haka jirgi ɗaya akan yi shi kashi-kashi: cikakke domin wanda ya matso har yana gogar jikinsa, mai sauƙi domin matsakaicin nisa, da wani ɗan dunƙule domin can nesa. Wasan ne ke musanya su a ɓoye, kuma in an yi aikin da kyau babu wanda zai lura.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sana'ar nan shi ne mai ƙera jirgin shi ne kuma mai tsara yadda za a kashe shi. Jirgin da ba ya fasuwa ba abokin gaba ba ne, bango ne. A FreeSpace 2 na kamfanin Volition, wanda ya fito a 1999, baƙin da ake kira Shivan suna da dodon jirgi mai suna Sathanas, tsawonsa kusan kilomita 6, da hannuwa huɗu a gaba kamar ƙaguwa, kowane da bindigar haske a bakinsa. Hannuwan nan su ne abin tsoron, su ne kuma lagonsa: akwai matakin wasan da aikin ɗan wasa kawai shi ne ya kutsa ya lalata bindigogin kafin dodon ya yi arangama da babban jirgin mutane, Colossus. Siffa guda ta yi aiki biyu. Volition ta saki rubutun injin wasan ga jama'a a 2002, kuma har yau masu sha'awa suna sake sassaƙa jiragensa suna ƙara nasu, ba don albashi ba. Da yawa daga masu son shiga sana'ar ta irin wannan ƙofa suke koyo, su tara ayyukansu a shafin intanet na ArtStation su jira a gani.

Frontier, kamfanin Braben, ya kai abin ƙarshe a Elite Dangerous da manyan uwayen Thargoid guda takwas da ake kira Titan. Kowace tana ɓoye cikin gajimare mai cin ƙarfen jirgi, sai da 'yan wasa suka yi watanni suna jiran kayan da za su ratsa shi kafin su ga fuskarta a 2023. Lagon da aka yi mata na zafi ne. Tana da hanyoyin fitar da zafi a jiki. In an toshe su da wasu rokoki na musamman, dole ta buɗe cibiyarta don ta huce, a lokacin ne ake samun damar dukanta. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, ɓarnar dubban 'yan wasa ce ake tarawa kwana da kwanaki. Ta farko, Taranis, ta tarwatse a watan Maris na 2024. Ta ƙarshe, Cocijo, sai da ta taso har kusa da duniyarmu kafin a gama da ita a watan Disamba na shekarar.

Gawarwakin ba su ɓace ba. Masu zanen sun sassaƙa su su ma, ɓangare-ɓangare, da ciki a waje, aka bar su a inda kowace ta faɗi, 'yan wasa suna shiga tsakanin ɓaraguzan suna tsintar abin sayarwa.