Me ke kayar da tsofaffin gidajen Birnin Damagaram?

Ranar 3 ga Satumbar 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye. Da yawa sun ce ai ginin ƙasa ne, kwanansa ya ƙare. To amma ginin da ya ga damina sama da 170, ba ruwan rana ɗaya ke kayar da shi ba.

Birni ita ce tsohuwar unguwar garin. Nan fadar Sarkin Damagaram take, da sauran ganuwar zamanin Sarki Tanimun, da gidaje masu zanko da zane a fuskar zaure. Damagaram ce babban birnin Nijar kafin Turawa su maida shi Yamai a 1926. Tun 2006 tsohon garin ke cikin jerin wuraren da Nijar ke so hukumar UNESCO ta sa a kayan tarihin duniya, matsayin da Agadas ta samu a 2013.

Ginin tubali yana son abu uku: yaɓe kafin damina, indararo mai zubar da ruwa nesa da bango, da gindin bango busasshe. A da magina kan shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa ya zame. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, azara ta ruɓe, sai rufi ya faɗo.

Sai kuma siminti. Mutum ya shafe bangon ƙasa da shi, yana ganin ya huta da yaɓe. Alhali siminti da ƙasa ba sa kama juna. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar bushewa. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya jiƙe.

Akwai kuma matsalar gado. Gida ɗaya, magada barkatai, wasu a Yamai, wasu a Kano. Kowa na jiran wani ya biya magini, har katanga ta zube.

Jama'a, gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Magada su naɗa mutum guda mai kula da gida, a yi karo-karo kafin ruwan farko. A nemi maginin da ya san tubali, a sa yara su koya a hannunsa. Ma'aikatar magajin gari kuma ta yashe magudanai, tunda ruwan da ke kwana a lungu shi ke cin gindin bango.

Kuɗin yaɓen bana bai kai na tada bango baɗi ba. Zanen da ya zube kuwa, hannun da ya yi shi ba ya dawowa.