Koyon Numfashi ta Wayar Hannu

Idan hunturu ya kama a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, ƙura takan tayar wa masu ciwon ƙirji da tsohon ciwonsu. Sai a ga alaramma ya yanke aya tun bai kai waƙafi ba, ma'aunin hatsi kuwa haki ya hana shi ciniki.

To, akwai wata dabara da ta yaɗu a shekarar 2020, zamanin annobar korona. Da zuwa asibiti ya yi wuya, sai likitoci a ƙasashe da dama suka koma koya wa majinyata sarrafa numfashi ta intanet. Majinyaci na ɗakinsa, likita na kallonsa ta hoton waya, yana yi masa gyara kamar yadda malami ke gyara wa almajiri karatu.

Ga yadda ake yi. Mutum ya zauna, ya saki kafaɗu, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga biyu. Sa'an nan ya tsuke leɓe kamar mai hura koko, ya fitar da ita sannu yana ƙirga huɗu. Wannan yakan hana hanyoyin huhu rufewa da wuri, tsohuwar iska ta samu fita. Bagwiwe mai waya ya huta da yawan kuɗin mota zuwa Kano ke nan.

Amma fa waya ba ta auna majina. Wanda tarinsa ya wuce mako 2, lalle ya je asibiti. In tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, ana sha wata 6. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.